Kilomita 226 a Wuni Ɗaya

Ranar Lahadi 10 ga Satumba 2023, bayan an idar da sallar asuba, ban koma barci ba kamar yadda na saba a ranar hutu. Tabarma na shimfiɗa a ƙofar gidanmu da ke Bukoki, na jingine waya a jikin butar shayi, na zauna kallon gasar duniya ta Ironman da ake yi a birnin Nis na ƙasar Faransa. A lokacin wutar lantarki ta zama baƙuwa a Yamai, tun da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana wuta bayan juyin mulkin watan Yuli, saboda haka tun da dare na cika batura biyu na ajiye, na kuma sayi data mai yawa don kada hoto ya yanke mini a tsakiyar kallo. Kafin hantsi ya ɗaga ƴan fadarmu sun taru a kaina, wani ya leƙo ya tambaye ni yaushe za a gama, na ce masa sai bayan azahar, sai duk suka bushe da dariya. Ban ga laifinsu ba, domin mutanen da suka tashi da kokawa, inda karawar da aka yi shekara ana jira kan ƙare cikin ƙiftawar ido, da wuya su gane wasan da za a fara da asuba a ce gwanin gwanaye sai ya yi awa takwas yana abu ɗaya.

Na yi musu bayani da ma'aunin da suka sani. Da farko mutum zai yi ninƙaya ta kilomita 3.8 a cikin teku, yana fitowa ya hau keke ya tuƙa kilomita 180, wato ya tashi daga Yamai ya wuce Doso da wajen kilomita arba'in, yana sauka kuma ya ɗaura takalmi ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.195, wanda ya yi daidai da zagaye filin wasa na Seyni Kountché sau ɗari da biyar da rabi. Agogo ba ya tsayawa ko da mutum yana sauya tufafi ko ya shiga bayi, kuma wanda bai iso ba cikin awa 17 ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. A ranar wani matashi ɗan Faransa, Sam Laidlow, mai shekara 24, shi ya ci, cikin awa 8 da minti 6, ya zama mafi ƙarancin shekaru a cikin mazan da suka taɓa cin wannan kambi. A wannan makon ne na biya kuɗin rajistar shiga gasar Ironman ta Afirka, wadda ake yi a Gqeberha, birnin da a da ake kira Port Elizabeth, a Afirka ta Kudu.

Ba rana ɗaya abin ya faɗo mini ba. Na daɗe ina gudu, kuma keke tun ina yaro a Tawa nake hawansa, amma ruwa shi ne inda nake da rauni, domin duk iyon da na sani a ƙuruciya bai wuce facal-facal a tabki lokacin damina ba. Sai da na kusa shekara arba'in na fara koyon ninƙaya ta gaskiya a wani ƙaramin wurin iyo na otal mai tsawon mita 25, kuma na tuna ranar farko da na kai ƙarshensa sau biyu ba tare da na kama gefe ba, na fito ina haki kamar wanda ya tsere wa kura. Kilomita 3.8 a wannan wuri kai da kawowa ne sau 76. Mutane kan tambaye ni me ya hana ni yin atisaye a kogi tunda ga shi a bakin gari, amsa ita ce dorina da tsargiya, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa dalili. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne numfashi, wato mutum ya fitar da iska a cikin ruwa a hankali, sannan ya juya kai gefe ya shaƙa ba tare da ya ɗaga shi sama ba, domin da zarar kai ya ɗaga ƙafafu za su nutse, mutum ya koma jan jikinsa kamar buhun gero.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ta ba, domin ita ce ƙofar da ta fi ƙunci. Kuɗin rajista kaɗai ya fi albashina na wata, ga tikitin jirgi, ga masauki, ga rigar roba ta shiga ruwan sanyi wadda ba a sayar da ita a kasuwarmu. Kwasar adashina na shekara ta tafi a nan, kuma wani ɗan'uwana da ke zaune a Faransa ne ya biya rajistar da katinsa, ya kuma aiko mini da rigar ta hannun matafiyi. Keken kuwa kwance na saya, tsohon keken tsere na alminiyam da na yi wata uku ina nema kafin na same shi ta hanyar wani dillali a kasuwar Katako. Da na je na sanar da mahaifiyata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To ɗan nan, in ka gama wahalar me za a ba ka?" Na ce, "Inna, lambar yabo ce da riga." Ta ce, "Riga? Allah ya shirya." Duk da haka ita ce ta riƙa aiko mini da dabino da gari mai yaji na fura har ranar tafiya.

Yayana ya fi ta tsanantawa, shi a ganinsa wannan ƙirƙirar masu ƙoshi ce, kuma ban iya musa masa gaba ɗaya ba, domin asalin abin gardama ce ta ƴan wasa. A tsibirin Oahu na Hawai aka yi ta musu a kan wa ya fi juriya tsakanin mai ninƙaya da mai keke da mai gudu, sai wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka haɗa tsere uku da ake yi a tsibirin suka mai da su ɗaya. A watan Fabrairu 1978 mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, Gordon Haller ya riga kowa cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mai da gasar garin Kona, a babban tsibirin Hawai, inda ake tuƙa keke a tsakiyar baƙin dutsen da aman wuta ya bari, cikin zafi da iska mai bugowa daga gefe. Abin da ya sa duniya ta san ta shi ne hoton 1982, lokacin da Julie Moss, tana kan gaba, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta saura ƴan mitoci, ta faɗi, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Na nuna wa Yaya wannan hoto da nufin in burge shi, sai ya ce ai maganarsa ce na tabbatar.

Watannin sanyi su ne ribar shirina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu nakan fita da keke ana idar da asuba, mu uku ko huɗu, mu kama hanyar Doso ko ta Kollo, kuma ba ma wuce inda aka ce mana akwai natsuwa, ba ma kuma kai yamma a waje. Hazo kan rufe gari har manyan motoci su zama kamar inuwa, ƙura ta shiga sarƙa ta riƙa ƙara kamar ana niƙa, leɓe ya tsage, amma duk wannan ya fi zafin Afrilu sauƙi. Ranar Asabar ce ranar doguwar tafiya, na fara da awa uku, ina ƙarawa kaɗan kaɗan har na kai awa shida, kuma duk ranar da na sauka daga keke sai na ɗaura takalmi nan take na yi gudu ko da na minti ashirin ne. Wanda bai taɓa gwada wannan ba ba zai san yadda ƙafa ke zama ba bayan doguwar tuƙa: sai ka ji kamar ta aro ce, kana ba ta umarni tana yin nata. Mai gyaran keke na unguwarmu, dattijo ne da ya fi sabawa da kekunan ƴan ga-ruwa da na ƴan lakwal, shi ya koya mini cire taya da sauya robar ciki da hannuna, ya riƙa duba agogo yana cewa, "Sake, Malam, wannan in a can ne har an tashi kasuwa." Sai da na iya yi cikin minti shida ya ƙyale ni.

Darasin da ya fi kowanne tsada shi ne na ci da sha, kuma a hanyar Kollo na koye shi wata Asabar da na fita da gora biyu na ruwa zalla, ba abinci. Bayan awa uku da rabi sai duniya ta dushe, hannuna ya fara rawa, na sauka na zauna a gindin wata bishiya ina jin kamar in yi kuka ba tare da dalili ba, har wata mai fura ta dama mini, na sha, cikin minti goma na dawo mutum. Abin da ya faru shi ne sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki mai ƙarfi, saboda haka dole mutum ya riƙa zuba masa wani tun bai ji yunwa ba, giram 60 zuwa 90 a kowace awa. Ruwa zalla ma in ya yi yawa haɗari ne, domin gumi na tafiya da gishiri, in aka yi ta ɗura ruwa ba gishiri jini kan tsinke har mutum ya suma. Turawa suna da wani kunun sukari mai kauri a ƴan ledoji da suke tsotsa, ni kuwa na gina lissafina a kan dabino da ayaba da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai zawo. Ciki ma sai an horar da shi kamar ƙafa, domin cin abinci kana haki ba ɗabi'ar jiki ba ce.

Sai azumi ya zo a daidai makonnin da ya kamata atisaye ya fi nauyi, kuma a daidai lokacin da zafin Yamai ke haura 40. Na juya rayuwata ta koma dare. Nakan sha ruwa da dabino da kunu, in yi magariba, in huta, bayan asham in fita gudu a kewayen filin wasa har wajen sha ɗaya, keke kuma na ɗora shi a kan wani ƙarfe da maƙeri ya haɗa mini a tsakar gida, in yi ta tuƙawa a wuri ɗaya daga ƙarfe biyun dare zuwa sahur, gumi na taruwa a ƙasa kamar an zubar da bokiti. Ninƙaya na mai da ita bayan isha'i sau biyu a mako don kada ruwa ya shiga maƙogwaro da rana. Na rage yawan aikin da kusan kashi ɗaya cikin uku, na kuma rame, amma ban sha azumi ko ɗaya ba. Maiɗakina, wadda ta ɗauki nauyin gida da yara a waɗannan watanni ba tare da na taya ta komai ba, ta ce mini wata rana da asuba, "Maigida, in ka dawo daga wannan tafiya, sai ka yi mana rajistar ganinka." Ban sami amsa ba.

Bayan ƙaramar salla da ƴan kwanaki na tashi, jirgi uku kafin in isa, ta Johannesburg. Na sauka, akwatin kekena bai sauka ba. Kwana biyu ina zarya tsakanin masauki da filin jirgi, ina kallon mutane suna gwada kekunan da kuɗin ɗaya zai sayi mota, har na fara tambayar inda ake ba da haya, ko da yake na san ba a fafe gora ranar tafiya, kuma keken da jiki bai saba da shi ba zai iya karya bayan mutum kafin kilomita ɗari. A rana ta uku ya iso, na haɗa shi a ɗakin masauki da hannuna. A waɗannan kwanaki ne na fara shiga teku a rayuwata, a gaɓar da ake kira Hobie Beach. Sanyin ruwan ya daki ƙirjina har numfashi ya tsaya, gishiri ya ƙona mini hanci, kuma na gane cewa a teku babu layin da aka zana a ƙasa da mutum zai bi, sai dai ya riƙa ɗaga ido yana neman manyan balan-balan da aka kafa. Dokar gasar ta yarda da rigar roba in zafin ruwa bai wuce digiri 24.5 ba, kuma rigar na taimakon irina, domin tana ɗaga jiki sama. Jajibirin gasa kowa ya kai kekensa wurin sauyi ya rataye a lambarsa, tare da jaka biyu, ɗaya ta kayan keke ɗaya ta kayan gudu, aka ɗaura mana wata ƴar na'ura a idon sawu wadda ke sanar da lokacin kowa duk inda ya taka wani shimfiɗi a hanya. Da ita iyalina suka riƙa bibiyata a waya daga Yamai.

Na yi sallar asuba a masauki, na ci burodi da zuma da ayaba, na fita cikin duhu. Ana sakin mutane ne ƴan kaɗan kaɗan, kowa ya tsaya a sahun da ya dace da saurinsa, ni na tsaya can baya. Mita ɗari biyun farko sun kusa gamawa da ni: wani ya doke ni da ƙafa a tabarau, na sha ruwa, ƙirjina ya ɗaure, na tsaya cak ina kallon wani mai ƙaramin kwalekwale da ke gadinmu, ina tunanin in ɗaga hannu. Wanda bai fito ba cikin awa 2 da minti 20 an cire shi, kuma na san wannan lissafi kamar sunana. Na kwanta rigingine na ja numfashi goma, na juya, na fara ƙirga bugun hannu daga ɗaya zuwa hamsin ina maimaitawa, ban sake tunanin komai ba sai balan-balan ɗin da ke gabana. Na taka yashi bayan awa ɗaya da minti arba'in da ɗoriya, ƙafafuna na tangaɗi, bakina kamar na tauna kanwa.

A kan keke ne na yi kuskuren da na biya bashinsa da dare. Garin nan sananne ne da iska, kuma a wani dogon yanki ta kasance a bayana, keke na tafiya kamar ana tura shi, ga murnar na tsira daga ruwa, ga mutane ina wuce su ɗaya bayan ɗaya. Dokar gasar ta hana mutum ya laɓe a bayan wani don ya kare masa iska, dole a bar mita 12 tsakani, kuma alƙalai na yawo a kan babura suna nuna kati ga wanda ya saɓa, sai ya tsaya a wata rumfa ya ci tarar mintoci. Saboda haka duk wanda na cim ma sai in ƙara ƙarfi in wuce shi da sauri, kuma kowane irin wannan yunƙuri ɗiba ne daga rumbun da ba a sake cikawa a ranar. Agogona na ƙara duk minti ashirin don in ci dabino, amma cikin zumuɗi na yi kusan awa guda ina kashe shi ina cewa sai anjima. Da muka juyo muka fuskanci iskar, sai ta tsaya a gabana kamar bango, saurina ya ragu da kusan rabi, wuya da kafaɗa suka ƙage, kuma da yawa daga cikin waɗanda na wuce da safe suka zo suka wuce ni a natse, suna taunar abinsu. Wani dattijo da na tabbata ya ba shekara sittin baya ya dubi tutar da ke jikin lambata ya ce mini Najeriya, na ce Nijar, ya ɗaga yatsa ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Na sauka bayan awa bakwai da ƴan mintoci. Kafin tafiya na tambayi limamin unguwarmu, ya ce mini matafiyi ne ni, ina iya yin ƙasaru in kuma haɗa azahar da la'asar. A bayan rumfar sauyi na yi alwala da gorar ruwa, na shimfiɗa tawul, na yi raka'a biyu biyu, agogon gasa na tafiya. Da na yi sujada sai na ji kamar kada in ɗago, kuma tashi daga zaman tahiya ya fi mini hawan kowane tudu wuya a ranar.

Gudun ana yin sa ne a bakin teku, hanya ɗaya ana maimaitawa, jama'a sun cika gefe biyu suna kiɗa suna kiran sunan da ke rubuce a lambar mutum. Kilomita goma sha biyar na farko na riƙe su, ina gudu daga rumfar ruwa zuwa rumfar ruwa, ina takawa a kowace rumfa in sha in ci. Daga nan bashin keke ya zo karɓa. Cikina ya rufe, ko ƙamshin dabino ba na so, cinyata ta dama ta fara ɗaurewa duk lokacin da na ɗaga ƙafa, rana ta faɗi, sanyi ya sauko a kan rigar da ta jiƙe da gumi. A wajen kilomita 26 na tsaya na dafa gwiwa na yi amai, kuma a nan ne hoton Julie Moss ya dawo mini, na gane cewa duk shekarun da na yi ina kallonsa ban fahimci komai a cikinsa ba. Wata mata ƴar sa-kai ta miƙo mini kofin Coca-Cola da ƴan dankali masu gishiri, na kurɓa kaɗan kaɗan, na yi tafiya kusan kilomita biyu, cikin ya ɗan buɗe. Sauran hanyar da fitilun titi na auna ta: in yi gudu tsakanin fitila huɗu, in taka tsakanin ɗaya. Wajen ƙarfe tara da rabi na dare na hau jan shimfiɗin ƙarshe, bayan awa 14 da minti 40 da wani abu, aka rataya mini lambar, aka ba ni rigar da Inna ta yi wa dariya. Da na kunna waya saƙon farko daga Yaya ne, wanda ashe tun safe yake riƙe da waya yana bin ɗigona, ya rubuta cewa me ya tsayar da ni a kilomita 26 har hankalinsu ya tashi.

Ban tafi masauki ba, na lulluɓe da bargon azurfa da aka ba mu na zauna kallon na ƙarshe. A ganina wannan awa ta ƙarshe ta fi isowar zakara abin kallo, domin masu isowa a lokacin tsofaffi ne da masu jiki da waɗanda suka faɗi a keke suka tashi, kowa a karkace, jama'a na buga allunan gefen hanya suna ƙirga musu mintoci. Washegari kuma na je taron rabon gurbin gasar duniya don in ga yadda ake yi. A lokacin kowane rukunin shekaru yana da gurabensa, ana kiran suna daga na farko, wanda ba ya wurin ko bai shirya biya nan take ba sai gurbin ya gangara zuwa na bayansa, shi ya sa za ka ga wanda ya zo na goma yana zaune yana addu'a kada na gabansa su amsa. Waɗanda suka samu a rukunina sun riga ni da awa huɗu zuwa biyar, wato suna wanka suna cin abinci ina tsakiyar gudu.

Ranar Asabar 26 ga Oktoba 2024 aka yi gasar duniya ta maza a Kona. Tsakaninmu da Hawai awa 11 ne, saboda haka tashinsu na safe ya zo mana bayan la'asar, kuma wannan karo ƴan fada da kansu suka kawo tabarma da gawayi. Laidlow ya sake yin abin da ya saba, ya fita gaba a keke ya tuƙa kilomita 180 cikin awa 3 da minti 57, saurin da ba a taɓa yi ba a wannan hanya, ya sauka da tazarar wajen minti tara tsakaninsa da Bajamushe Patrick Lange, mai shekara 38, wanda ya ci a 2017 da 2018. Fada ta kaure da cewa an gama, yaron nan ya sake cinyewa. Ni kuwa ba agogo nake kallo ba, kafaɗunsa nake kallo da yadda yake ɗaukar lokaci a rumfunan ruwa yana kwarara wa kansa ƙanƙara, sai na ce musu su dakata tukuna. Kafin a kai rabin gudun Lange ya zo da ɗan takunsa mara nauyi ya wuce shi, Laidlow ya koma tafiya, ya ƙare can baya, ba ya ma cikin goman farko. Ƙarfe ɗayan dare da ɗan motsi Lange ya shigo titin Ali'i ya gama cikin awa 7 da minti 35 da daƙiƙa 53, lokacin da ba a taɓa yi ba a Kona. Wanda ya tambaye ni bara yaushe za a gama ya juyo ya ce, "Malam, ya aka yi ka sani?" Na ce masa na taɓa kashe agogon dabino. Bai gane ba, ya zuba mana shayi na uku, muka ci gaba da kallo don mu ga ko Laidlow zai ƙaraso.